Zumuncin Bodari da Malam-Buɗe-Littafi

A gidan hayar da nake da shagon ɗinki, akwai wani dattijo da muke kira Baba Na-Sani. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Ko me ka fara faɗa, kafin ka kai rabi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani." In ka ce keken ɗinkinka ya lalace, ya sani. In ka ce matarka ta haihu, ya sani. Akwai ranar da Mai Aski ya ce masa, "Baba, gefen rigarka ya kama da wuta," ya ce, "Na sani," sannan ya daka tsalle yana ihu.

A makarantar sakandare ya yi aiki, a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Aikinsa wanke kwalabe da riƙe makulli. Amma da ya yi ritaya sai ya taho gida da farar rigar aiki mai kai wa gwiwa, da wani gilashin ƙara girman abu wanda ya tsage a gefe. Tun daga ranar ya zama masanin kimiyyar gidanmu, ba tare da wani ya naɗa shi ba.

Gidan bene ne. Shagona da na Mai Aski suna ƙasa suna kallon titi, a tsakaninsu akwai ɗan sito da muke ajiya ni da Baba. Shi da matarsa Inna suna sama. A bayan gidan kuma akwai wani fili da aka daɗe ba a taɓa ba, ya cika da ciyawa da ƙaya da 'yan itatuwa. Mai gidan, wanda muke ce wa Mai Bene, ya riga ya sanar cewa zai kawo katafila ta share filin, ya jera shaguna.

Wata safiya abubuwa biyu suka faru a tare. Na farko, Baba ya tarar da wani ƙaton malam-buɗe-littafi a jikin tagarsa, irin na dare ɗin nan mai kaurin jiki da gashi-gashi, wanda ke zagaye fitila. Baƙi ne, da fararen zane a fukafukansa. Baba ya kifa masa kofi, ya juye shi a kwalba. Na biyu, tarkon keji da Inna ta ɗana wa ɓarawon ƙwan kajinta ya kama wani ɗan dabba mai ƙaramin kai da jela buzu-buzu. Bodari ne. Ba sai ka tambaya ba, domin ya riga ya saki abin da ya saki a cikin kejin, warin ya cika tsakar gida har ya kai titi.

Muka tsaya daga nesa, kowa ya toshe hanci. Inna ta ce, "To ga munafukin. A kai shi can nesa a sake shi."

Baba ya sauko da farar riga, kwalba a hannu. Ya dubi bodari, baƙi da fararen zane daga ƙeya har jela. Ya dubi kwalba. Ya sake duban bodari. Sai ya ɗaga hannu.

"Kada wanda ya taɓa shi!" ya ce. "Tela, Mai Aski, ku zama shaida. Yau tarihi ya faru a gidan nan. Waɗannan biyun 'yan'uwa ne."

Mai Aski ya ce, "Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

"Kai aski ka sani. Ku duba. Wannan baƙi da farin zane, wannan ma haka. Wannan da dare yake fita, wannan ma haka. Wannan yana da gashi, wannan ma yana da shi. Me ya rage? Dangi ɗaya ne, masana suka yi sakaci suka raba su. Ni zan haɗa su. Kuma tunda daga filin bayan nan suka fito, filin ya zama gidan gado. Ba katafilar da za ta shiga."

Inna ta ce, "Malam, ni ma ina da zane baƙi mai farin layi. Sai a sa ni a keji?"

"Ke kina fita da dare?"

"In warin nan ya kwana a gidana, yau ɗin nan zan fara."

Kafin azahar Baba ya kafa ƙungiya. Ya sa mata suna Ƙungiyar Kare Dangin Masu Zane. Shi ne shugaba, shi ne mataimaki, shi ne mai magana da yawunta. Ya ce in zama ma'aji, na ce allura ta soke ni a hannu, ba na iya riƙe komai.

Da yamma 'yar ƙanwarsa ta zo gaishe su. Malamar ilimin halittu ce a wata makaranta, mai haƙuri da dariya, Malama muke ce mata. Baba ya tare ta tun daga bakin ƙofa ya zayyana mata bincikensa. Ta saurara har ƙarshe, tana cizon leɓe.

"Kawu," ta ce, "ka ƙirga min ƙafafun na cikin kwalba."

Ya kara gilashinsa. "Shida."

"Na cikin keji fa?"

"Huɗu. Biyun sun shige ciki da ya girma. Ai ni ma haƙorana sun ragu."

"Kawu, wannan ƙwaro ne. Ƙwai yake yi, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta naɗe kanta, sannan ta fito da fukafukai. Ba shi da ƙashi ko ɗaya. Abin da kake ce wa gashi ma ɓawo ne mai kama da gari, shi ya sa yake bin yatsa. Bodari kuwa yana da ƙashin baya, haihuwa ake yi, uwar ta shayar da nono. Cikin masu cin nama yake, danginsa su dage ne. Wallahi kai da ni mun fi kusa da bodari a kan wannan ƙwaron."

Inna ta leƙo daga bene. "Wannan kam na yarda. Tun da safe nake ganin kamannin."

"Kama da wane ba ta wane, Kawu," in ji Malama. "Abin da ya haɗa su gaskiya shi ne filin nan. Bodari bai kai ga ƙarewa a duniya ba, amma in aka share filin, na nan ba shi da wurin zuwa, kuma shi ke rage muku ɓeraye. Irin wannan ƙwaron kuwa shi ke bin furanni da dare yana sa su yi 'ya'ya, ga feshi da hasken fitilu suna rage su, ba ma wanda ya san nawa suka rage. In wannan za ka faɗa, ni zan raka ka har ofis."

"Na sani," in ji Baba. "Amma wannan kowa ya sani. Wa zai sa hotona a jarida saboda abin da kowa ya sani?"

"To aƙalla kada ka tsorata shi. Zai sake fesa maka."

"Ya ƙare. Kamar kwalbar turare ne, in aka fesa ta ƙare, shi ke nan."

Malama ta dube ni, na dubi silin.

Washegari Baba ya tara mu domin abin da ya kira haɗa zumunci. Ya ce jini ba ya ɓuya, da zarar sun ga juna za su gane. Masu wucewa a titi ma suka leƙo. Ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya ɗan ɗaga murfin keji, ya girgiza kwalba a ciki.

Malam-buɗe-littafi ya faɗa, ya buɗe fukafukai. Bodari ya miƙe, ya matso, ya shinshina.

"Kun gani?" Baba ya ce da raɗa. "Gaisuwa ce. Yana tambayarsa mutanen gida."

Bodari ya ɗora ƙafa ɗaya a kansa.

"Runguma ce."

Sai muka ji ƙarus, ƙarus. Fiffike ɗaya ya leƙo daga gefen bakin bodari, shi ma ya lashe shi ya haɗiye, ya ɗago kai yana neman ƙari.

Mai Aski ne ya fara magana. "Ashe ba a ƙafa zumunci yake ba, a ciki yake."

Dariya ta ɓarke. Wani mai tura baro ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe da ciki. Ni kuwa sai da na shiga shago na kifa kai a kan keke.

Baba ko gezau. "Wannan ma hujja ce," ya ce. "Wa ke cin mutum in ba ɗan'uwansa ba?"

Inna ta ce, "Yau dai ka faɗi magana ɗaya mai kan gado."

Yanzu fa hujja ta koma rabi, dole a nemo wani malam-buɗe-littafin. Baba ya ce ya san dabarar masana: farin zane da babbar fitila. Ya ciro zanen gadon Inna ya shanya a bakin fili. Ya aro wata ƙatuwar fitila irin ta masu aikin titi, ya ja waya ta tagar Mai Aski ya jona ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Daidai lokacin duhu ya fara shiga, Mai Bene yana zaune a kujerar aski, an rufa masa ƙyalle. Mai Aski ya fara da gefen hagu, injin yana tafiya sumul, ya kai tsakiyar kai ke nan Baba ya kunna fitilarsa. Muka ji fas! Wuta ta ɗauke a duk gidan, har da maƙwabta.

"Wane ne wannan?" Muryar Mai Bene ce cikin duhu.

Aka haska wayoyi. Ga Mai Bene, rabin kansa ƙwal kamar ƙwai, rabin kuma gashi cunkus. Ya biyo wayar wutar da hannu, yana ja, har ta kai shi bakin fili, inda ya tarar da Baba a tsaye da hayaƙi yana tashi daga fitila.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "aikin kimiyya ne."

"Dubi kaina!"

Baba ya haska. "Af! Ranka ya daɗe, baƙi a gefe, haske a gefe. Kai ma da za ka shiga ƙungiyarmu..."

Da ƙyar muka riƙe Mai Bene. Da ya huce ya ce, "Na ji labari wai za ka kawo hukuma. Kawo ta. In ta gaskata shirmenka na bar filin. In ba ta gaskata ba, katafila za ta shiga, kuma ta fara da inda kake tsaye."

Ya sa hula ya tafi. Mai Aski ya bi shi da almakashi yana ba shi haƙuri.

Baba ya shiga zirga-zirga a ofishin kula da namun daji. Ya je, ya koma, ya sake komawa, har masu gadi suka riƙa ɓuya in sun hango farar riga. Daga ƙarshe wata jami'a ta yarda za ta zo. Daga baya na ji cewa Malama ce ta yi mata waya, ta ce filin ya cancanci a duba, sai dai a yi haƙuri da jawabin buɗe taro.

Kafin ranar ta zo, bodari ya zama ɗan gata. Kullum Baba na saye masa kan kaza, da dare kuma ya satar masa ƙwan Inna, wato ƙwan da aka kama shi a kai. Dabba ta yi ƙiba, ta saba da shi, ta daina ɗaga jela. Baba ya ce wannan ya tabbatar da cewa kwalbar turaren ta bushe.

Sauran matsala ita ce ɗan'uwan. Baba bai sake samun mai zane ba. Amma wata rana yana kakkaɓe tsohon bargo sai ya ga wasu 'yan ƙananan ƙwari masu launin ƙasa suna tashi. Asu ne, mai cin tufafi, kowace mace ta san shi. Baba ya ce a'a, jarirai ne, zanen bai fito musu ba tukuna. Ya naɗe bargon da su a ciki ya sa a kwali. Inna ta ce ko kwalin ko ita. Sai ya ce ya kai shi wuri mai aminci, bai faɗi inda ba, ni kuma ban tambaya ba.

A lokacin Mai Bene ya kawo min kwat da wandonsa na ulu in buɗa masa, domin tumbi ya ƙaru. Kayan alfarma ne, ba ya sa su sai babban taro. Na gama tun da wuri, na rataye a sito na rufa musu zane saboda ƙura. Da safiyar ranar taro ya turo direbansa a gurguje, na ciro su yadda suke na miƙa.

Aka jera kujeru a tsakar gida. Maƙwabta suka cika, wasu a kan katanga. Baba ya goge farar rigarsa har tana ƙyalli, ya kafa tebur, ya ɗora keji a dama da kwali a hagu. Jami'ar ta iso tare da Malama, mace ce mai nutsuwa da takalmin shiga daji. Tana hango abin da ke cikin keji, sai ta ɗauki kujerarta ta kai ta can bakin ƙofa, Malama ma ta bi ta.

Baba ya raɗa min, "Ka gani? Kwarjini ne."

Mai Bene ya shigo a ƙarshe cikin kwat ɗinsa, yana taku ɗai-ɗai. Ya zauna a kujerar gaba, daf da tebur, ya ce yana so ya ga ƙaryar da idonsa. Da ya juya zai zauna na hango wani abu a bayan wandon, kamar rariya. Na ce a raina ƙila hasken rana ne.

Baba ya gyara murya. "Manyan baƙi, ƙananan baƙi, da masu leƙe ta katanga. Tun da aka fara ilimi, masana suka kasa halittu gida-gida. Suka ce wannan ƙwaro, wannan dabba. Suka raba uwa da ɗa, suka raba wa da ƙani. Yau ni, ni kaɗai, zan share wa marayu hawaye."

Jami'ar ta ɗaga hannu daga nesa. "Baba, in tambaya. Shi ƙwaron yana shayarwa?"

"A ɓoye. Yana da kunya."

"Bodarin fa yana da fukafukai?"

"Sun kwanta a ƙarƙashin gashi. Yanzu zan nuna. Amma bari ku fara ganin jariran."

Ya buɗe kwali, ya ɗaga bargo. Abin da ya ɗago ba bargo ba ne, raga ce, kana ganin fuskarsa ta ciki. Asu suka tashi buu, suka bazu a kan jama'a. Mata suka tashi suna kaɗe mayafai.

"Asu ne!" in ji wata maƙwabciya. "Asu ka tara mu mu gani?"

Na miƙe tsaye. "Baba, a ina ka ajiye kwalin nan?"

"A sito mana. Ƙarƙashin wasu kaya masu laushi da ka rataye. Suna son wurin ƙwarai."

Mai Bene ya juyo a hankali ya dube ni. Ya dubi hannun kwat ɗinsa. Ya zura yatsa a wani rami, yatsan ya fito ta wani ramin. Ya yunƙura zai tashi da ƙarfi, sai muka ji ɓaraaat, tun daga ɗamara har cinya. Ya koma ya zauna da sauri, ya haɗe gwiwoyi.

"Kada wanda ya kalli nan," ya ce. Duk aka kalla.

Baba ya ga taro na neman watsewa, sai ya ɗaga murya. "Ku zauna! Babbar hujja na tafe!" Ya buɗe keji ya zura hannu.

Malama ta miƙe. "Kawu, don Allah kar ka..."

Ihun mutane da kaɗe-kaɗen mayafai sun riga sun firgita bodari. Da hannu ya taɓa shi sai ya zube warwas, ya miƙe ƙafafu sama, ya saki harshe.

"Ya mutu!" wani ya ce daga katanga.

Baba ya rikice. Ya ciro shi ya rungume. "Ɗan'uwa! Tashi mana! Yau ce ranarka!" Ya girgiza shi. Ya kara kunne a ƙirjinsa. Ya juya shi ta baya, ya ɗaga jelar da yatsu biyu, ya kawo gilashinsa daf, wai yana neman inda fukafukan suka kwanta. Ya ma juya shi saitin Mai Bene don ya gani da kyau.

Jami'ar ta ce, a hankali, "Mutuwar ƙarya ce suke yi." Ta ja Malama suka fice ƙofa.

Bodari ya buɗe ido ɗaya. Ya yi wata ƙara mai tsini. Sannan ya nuna wa duniya cewa kwalbar turare ba ta bushe ba, ajiya ta yi.

Ban san yadda zan kwatanta warin nan ba. Ka haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da ƙonanniyar taya da tafarnuwa, ka dafa a tsohon takalmi, to ba ka kai rabi ba. Kason farko ya sami Baba a fuska da gaban riga. Da ya saki dabbar yana ihu, sai ta faɗa cinyar Mai Bene, ta ga shi ma bai yi mata ba, ta ba shi nasa kason.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Kujeru suka kife. Masu katanga suka zubo kamar mangwaro. Mai Aski ya faɗa shagonsa ya kulle, ya bar mu a waje muna buga ƙofa. Kajin Inna suka tashi sama suka sauka a kan mutane. Mai Bene ya manta da maganar wando, ya tashi a guje, hannu ɗaya a hanci, ɗaya a baya, kwat ɗin na zubar da guntaye. Ya nufi motarsa, direba ya hango shi, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya ɗaga gilashi ya danna makulli.

"Buɗe min!"

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ina da iyali."

Baba kuwa yana tsakiyar fili yana juyi, idanu a rufe, hawaye na zuba, yana cewa, "Ku rubuta! Ku rubuta! Wannan ma yana cikin bincike!" Ya yi karo da tebur, ya faɗa cikin bahon wankin Inna.

Bodari ya kaɗa jela, ya bi ta gindin katanga cikin natsuwa, ya shige ciyawa.

Jami'ar da Malama suka zagaya ta baya suka shiga filin. Sun ɗan jima a ciki. Da suka fito, Mai Bene na tsaye a bakin titi shi kaɗai, ya ɗaura ƙyallen aski a ƙugu, mutane sun ba shi fili kamar mai wasa da maciji. Jami'ar ta tsaya inda iska ba ta kaɗo mata ba, ta yi masa magana da ɗan ƙarfi.

"Yallaɓai, maganar zumuncin nan babu ita, ko kaɗan. Amma filin yana da rai. Akwai ramukan bodari a gindin itatuwa, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai furannin da ƙwarin dare ke bi. Fili naka ne, ba zan tilasta maka ba, sai dai ina roƙon ka bar ko da ɓangaren itatuwan."

"Ba ɗaya ba ne?" in ji Mai Bene. "Akwai wasu irin wannan a ciki?"

"Da alama gida guda ne."

"In na share filin ina za su je?"

"Inda ya fi kusa. Ƙarƙashin bene, ko sito, ko shaguna in an gina."

Mai Bene ya dubi filin. Ya shinshina hannun rigarsa, ya kau da kai kamar an mare shi.

"Ku bar musu," ya ce. "Duka. Su zauna, su hayayyafa, su gaji juna. In ma suna son katanga zan gina musu, mai tsawo. Kai kuma Tela, zan dawo gare ka."

Ya dawo kuwa, amma sai da Malama ta kawo shi sito ta nuna masa inda kwalin ya zauna, sannan ya sauke fushinsa daga kaina ya mai da shi inda ya dace. Duk da haka sai da na kwashe kayan sito gaba ɗaya na shanya a rana, ina kakkaɓa ina Allah ya isa.

A ranar taron kuwa, Baba ya fito daga baho yana ɗiga, ya ji labarin fili, sai ya buga ƙirji. "Kun gani? Ban faɗa muku ba? Dabarata ke nan tun farko!" Ya nufi matakala.

Inna na tsaye a sama da tsintsiya. "Ina zuwa?"

"Ɗakina."

"Ɗakinka yana can cikin ciyawa, wurin danginka. Nan kuwa ba ka shiga sai hancina ya yafe maka."

Aka yi sulhu a kan Baba zai koma rufin bene da zama. Can aka kai masa tabarma da bokiti da sabulu, ta tsanin baya. An wanke shi da sabulun wanki, an wanke shi da lemun tsami, Mai Aski ya ba da turaren bayan aski kwalba guda, sai warin ya koma kamar bodari zai je ɗaurin aure. Farar rigar kuwa Inna ta ɗauke ta da sanda ta binne. Abinci a bokiti ake ɗaura masa da igiya, ya ja.

Ranar da ya kwana biyu a sama, da yamma hadari ya haɗo. Ina rufe shago sai na ji ana kirana daga rufi.

"Tela! Tela! Ɗaga kai ka gani!"

Na ɗaga. Jemagu ne suka fito suna shawagi.

"Ka ga fiffiken? Baƙi, da ƙarafa a ciki, yana buɗewa yana rufewa! Me ya tuna maka? Yi maza ka ɗauro min lemarka a igiya, akwai abin da masana suka yi sakaci da shi!"

Ruwa ya fara ɗiga manya-manya. Na ɗauko lemar don tausayi, na kama igiya zan ɗaura. Sai tagar sama ta buɗe, Inna ta leƙo. Ta dube ni, ta dubi lema, ta dubi hadarin.

"Tela, ajiye lemar nan," ta ce. "Bar shi ya sha ruwan. Sabulu ya gaza, bari mu ga ikon Allah."